Lissafi Ya Fita, Fahimta Ba Ta Zo Ba: Nazarin Tambayoyin Fiziks na Sakandare a kan Ƙarfi, Maganaɗisu, Lantarki da Tsagewar Ƙwayar Zarra

Tsakure

Wannan takarda ta dubi irin tambayoyin da ake ba ɗaliban babbar sakandare a fannoni huɗu na fiziks: ƙarfi da motsi, maganaɗisu, lantarki, da tsagewar cibiyar ƙwayar zarra. Abin da take son tabbatarwa shi ne ɗalibi yana iya cin tambayar lissafi sarai, alhali tunaninsa game da abin da ke faruwa yana nan yadda ya shigo da shi daga gida. An warware wasu tambayoyi daki-daki, an nuna inda ɗalibai suka saba tuntuɓe, sannan an kawo shawarar a riƙa gabatar da tambaya guda kafin kowane lissafi: daga ina makamashin nan ya fito, kuma ina ya tafi?

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa gyara takardun jarrabawar fiziks ya san irin ɗalibin da zan yi magana a kansa. Ya haddace F = ma, ya haddace V = IR, idan an ba shi lambobi biyu zai fitar da ta uku ba gargada. Amma a ɗauke lambobin, a tambaye shi wane kwan fitila ne zai fi haske, ko me zai faru idan aka daina tura kura, sai ya yi shiru, ko ya ba da amsar da wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba zai bayar.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A shekarar 1992 David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji a kan ƙarfi da motsi wanda babu lissafi a cikinsa ko kaɗan, sai tambayoyin tunani. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya jarraba ɗalibansa da irin waɗannan tambayoyi, ya tarar da cewa yaran da ke warware lissafi mai wuya suna faɗuwa a tambayoyin da yake ganin masu sauƙi ne, abin da ya sa ya sauya salon koyarwarsa gaba ɗaya. To idan haka ta faru a inda ɗakin gwaji ke cike da kayan aiki, ina ga makarantar da allo da alli ne kaɗai jarinta? Ni dai ban yarda rashin kaya ne tushen matsalar ba. Tushenta yana cikin irin tambayar da muke yi.

Ƙarfi da motsi

Mu fara da tambaya irin wadda aka saba. Mai ruwa ya ɗora jarka 10 a kura, kowace tana cin lita 25. Ruwan kilo 250 ke nan, a ce kurar da jarkunan sun kai kilo 50, jimla kilo 300. Yana turawa da ƙarfin niyuton 150, gogayyar taya da ƙasa tana mayar da shi baya da niyuton 90. Yaya ƙaruwar gudun kurar take? A cire 90 daga 150, saura 60. A raba 60 da 300, an sami 0.2: a kowane sakan gudun kurar yana ƙaruwa da mita 0.2 a sakan. Yawancin ɗalibai za su ci wannan.

Sai a sauya tambayar kaɗan. Kurar ta kama hanya, tana tafiya da gudu ɗaya, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Nawa ne ragowar ƙarfin da ke kanta? A nan ne ajin ke rabuwa. Da yawa za su ce dole turin ya fi gogayya, in ba haka ba ai da ta tsaya. Amsar kuwa sifiri ce. Turin mai ruwa daidai yake da gogayya, niyuton 90 da niyuton 90, kuma kurar na ci gaba da tafiya domin babu abin da ya rage da zai sauya gudunta.

Kada mu raina yaron da ya faɗi wannan tambaya. Abin da ya faɗa shi ne abin da Aristotle ya koyar, kuma duniya ta riƙe shi kusan shekara dubu biyu: wai motsi ba ya ɗorewa sai da mai turawa. Ido ma abin da yake gani ke nan kullum, domin babu inda za ka tura abu a doron ƙasa ba tare da gogayya ba. Ibn Sina yana cikin waɗanda suka fara ja da wannan ra'ayi, inda ya ce abin da aka jefa da zai yi ta tafiya in da babu iskar da ke tare shi. Galileo ya bi sawu da gwaje-gwajensa na gangara, sannan Isaac Newton ya kafa maganar a matsayin dokarsa ta farko a littafinsa Principia a 1687. Ra'ayin da ya ɗauki manyan masana ƙarnoni kafin su rabu da shi, ba layi biyu a kan allo ne zai fitar da shi daga kan ɗan shekara sha shida ba.

Doka ta uku ta fi wuyar haɗiyewa. Tirela ta yi karo da keke-napep. Wanne ya bugi ɗan'uwansa da ƙarfi mafi yawa? Kusan kowa zai ce tirela, domin kowa ya ga yadda keken ke komawa. Amma ƙarfin da tirela ta sa wa keke daidai yake da wanda keke ya sa wa tirela. Bambancin yana wajen nauyin jiki. A ce tirelar da kayanta kilo 30,000 ce, keken da fasinja kilo 600: ƙarfi ɗaya zai sauya gudun keken ninki 50 fiye da yadda zai sauya na tirelar. Wannan sauyin gudu na farat ɗaya shi ke murƙushe ƙarfe, shi ke karya ƙashi. Ɗalibin da ya gane haka ya gane dalilin ɗaura bel a mota ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Kafin mu bar wannan sashe, ga wata lamba da za mu buƙata nan gaba. Yarinya ta jawo guga mai kilo 10 daga rijiya mai zurfin mita 15. Idan muka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, kamar yadda masu jarrabawa suka saba yardarwa maimakon 9.8, aikin da ta yi jul 1,500 ne. Makamashin ya fito daga tuwon da ta ci, ya koma cikin ruwan da yanzu ke sama. In ta saki igiya, zai dawo a matsayin gudu.

Maganaɗisu

Ɗalibai da yawa suna zaton maganaɗisu yana kama kowane irin ƙarfe. 'Yan gwangwan sun fi su sani. Za ka ga mai sayen ƙarafa da maganaɗisun tsohuwar sifika a ɗaure da igiya, yana ɗora shi a kan kaya: in ya manne, baƙin ƙarfe ne, farashinsa daban, in bai manne ba, to tagulla ce ko sanholo ko alminiyom, kuɗinsu ya fi. Baƙin ƙarfe da nikel da kobalt su ne yake kamawa sosai. Tukunyar alminiyom kuwa ko gezau.

Sai dai ba wannan ne babban abin da nake so mu tsaya a kansa ba. A 1820 Hans Christian Oersted ya lura a birnin Kofanhegan cewa allurar kamfas, irin wadda muke duba alƙibla da ita, tana karkata idan aka kusantar da ita ga wayar da lantarki ke bi. A 1831 Michael Faraday ya gano ɗaya fuskar a Landan: maganaɗisu ma yana haifar da lantarki. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ɗalibai ke mantawa. A ajiye maganaɗisu mafi ƙarfi a cikin naɗin waya, a bar shi zaune, ba za a sami komai ba. Sai an motsa shi, ko an motsa wayar, ko an sauya ƙarfinsa. Abin da ya sa taransifoma ba ta aiki da batir ke nan, sai da wutar da ke kai da komowa, wadda a Najeriya da Nijar take yin zagaye 50 a sakan.

Tambayar jarrabawa a nan takan zo haka: waya mai tsawon mita 0.2 tana ɗauke da amfiya 4, an gitta ta a filin maganaɗisu mai tesla 0.5. Ƙarfin da ke kanta shi ne 0.5 sau 4 sau 0.2, wato niyuton 0.4. In an kwantar da wayar ta bi layin filin maimakon ta gitta shi, ƙarfin ya zama sifiri, kuma wanda bai zana hoto ba zai sake rubuta 0.4.

Tambayar da na fi so ba ta da lamba ko ɗaya. Janareta yana aiki lafiya, sai aka jona dutsen guga. Nan take muryarsa ta sauya, ya yi nishi, wani lokaci har ya nemi mutuwa. Me ya sa? Babu wanda ya taɓa injin, waya kawai aka soka a soket. Duk yaron da ya tashi a gidan da ake tayar da janareta ya san wannan sauti, amma kaɗan ne za su haɗa shi da dokar da Emil Lenz ya bayyana a 1834. Da dutsen guga ya fara jan wuta, sai kwararar da ke bin koyil ɗin janareta ta ƙaru. Ita wannan kwarara tana yin nata maganaɗisun, kuma kullum yana adawa da juyin da ya haife shi. Juya injin ya ƙara wuya, dole ya ƙara shan mai. Zafin da ke fita a gindin dutsen guga fetur ne aka biya shi da shi. Da adawar nan babu ita, da mun sami wuta a banza, kuma babu inda aka taɓa samun haka. Duk mai zuwa da labarin ya ƙera janareta marar mai, wanda ke juya kansa da wutar da yake samarwa, wannan tambaya ce ya kamata a fara yi masa.

Lantarki

Kuskuren da ya fi kafuwa a nan shi ne zaton kwan fitila yana cinye kwararar lantarki, wato abin da ya shiga ya fi abin da ya fita. A sa ma'auni kafin kwan da bayansa, adadin amfiya iri ɗaya za a gani. Abin da kwan ke karɓa makamashi ne, yana mayar da shi haske da zafi, kwararar kuwa tana zagayawa ta koma inda ta fito ba ragi.

Ga tambayar da ke tona asirin hadda. Kwai biyu irin na da masu zare, ɗaya wat 60, ɗaya wat 100, duka an yi su don bolt 240. An jera su a layi ɗaya, wuta na bi ta cikin na farko ta wuce na biyu. Wanne zai fi haske? Baki zai yi saurin cewa mai 100. Mu lissafa. Turjiyar kowane kwai ita ce bolt sau bolt a raba da wat: 57,600 a raba da 60 ya ba da om 960, a raba da 100 ya ba da om 576. Jimla 1,536. Kwararar da ke bin su duka ita ce 240 a raba da 1,536, kimanin amfiya 0.156. Tunda kwarara ɗaya ce, wanda ya fi turjiya shi zai fi ɗaukar makamashi: mai 60 zai ci kimanin wat 23, mai 100 kimanin wat 14. Ƙaramin ya fi haske. A zahiri turjiyar zaren tana sauyawa da zafi, don haka lambobin za su ɗan gusa, amma hukuncin ba ya sauyawa. Rubutun da ke jikin kwai alkawari ne mai sharaɗi: wat 100 idan an ba shi bolt 240 shi kaɗai. Shi ya sa mai wayarin ke ba kowane kwai da kowane soket nasa reshen.

Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 tana da amfanin da ya wuce cin jarrabawa. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amfiya 5. Hita mai wat 3,000 tana jan 12.5, dab da iyakar fis mai amfiya 13. A haɗa su biyun a kan siririyar wayar ƙari guda, amfiya 17.5 ke nan, kuma zafin da waya ke yi yana tafiya da kwarara sau kanta: a ninka kwarara biyu, zafi ya ninka huɗu. Robar ta narke, wayoyi su haɗu. Idan kuma an riga an cire fis an maye gurbinsa da ƙusa ko dunƙulen waya, kamar yadda ake yi a shaguna da yawa, babu abin da zai yanke wutar. Wannan lissafi na layi uku yana iya tsare shago daga gobara, kuma abin takaici ne a ce ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa yin sa a kan kayan gidansu ba.

Ita dai wannan ƙa'ida ce ta sa ake ɗaga wuta zuwa bolt 330,000 kafin a ɗauko ta daga Kainji, madatsar da aka kammala a 1968 mai ƙarfin megawat 760. In da za a turo wutar a bolt 11,000, kwararar za ta ninka 30, asarar da ke tafiya a zafin waya ta ninka 900. A Kainji ɗin ma ba wani sabon abu ake yi ba: ruwa ne ke faɗowa daga sama kamar gugan da aka saki, yana juya maganaɗisu a cikin koyil.

Yunit ɗaya da mita ke cirewa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, jul miliyan 3.6 ne. A raba da jul 1,500 na gugan ɗazu: guga 2,400. Ɗalibi ya ji wannan lamba sau ɗaya, yunit ya daina zama rubutu kawai a fuskar mita.

Tsagewar ƙwayar zarra

Wannan sashe yakan zo a ƙarshen manhaja, lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta matso, sai a bi ta kansa a guje kamar labarin wasu mutane ne can nesa. Alhali ƙasar Hausa tana da hannu a cikinsa dumu-dumu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas, kuma Nijar ta yi shekaru da dama tana cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi, galibi zuwa Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake. A Zariya kuma, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike ƙirar ƙasar Sin, mai kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004. Ba ta ba da wutar gari, ana amfani da ita ne wajen tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci.

A watan Disamba na 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da niyutron a Balin, suka tarar da bariyom a cikin abin da ya fito, sinadarin da nauyinsa ya fi rabin na yuraniyom da kaɗan kawai. Lise Meitner, wadda ta yi shekaru talatin tana aiki da Hahn kafin mulkin Nazi ya tilasta mata gudu zuwa Suwidin a wannan shekarar, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka fassara abin: cibiyar ƙwayar ce ta tsage gida biyu. Hahn kaɗai aka ba kyautar Nobel a kan wannan aiki, kuma ina ganin ya dace a riƙa faɗa wa 'yan matan ajinmu sunan Meitner. Ranar 2 ga Disamba 1942 Enrico Fermi ya tayar da tukunyar farko a Shikago.

Tambayar da aka fi yi ita ce cike gurbi. Yuraniyom 235 ya haɗiyi niyutron ɗaya, ya tsage ya ba da bariyom 141 da kiripton 92. Niyutron nawa suka fita? A hagu 236, a dama 233, saura 3. Lambar furoton ma ta daidaita: 56 da 36 sun ba da 92. Ɗalibi ya ci maki, ya wuce. Amma a tsayar da shi a tambaye shi: tunda ƙwayoyi 236 suka shiga, 236 suka fita, babu wadda ta ɓace, daga ina makamashin ya fito?

Amsar ita ce a auna, kada a ƙirga kawai. Gutsattsarin da suka fito sun fi ɗaurewa tam fiye da uwar da ta haife su, kuma in an ɗora su a ma'auni nauyinsu bai kai na farko ba da kimanin kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ɗan gibi shi ne makamashin, bisa ƙa'idar E = mc² da Albert Einstein ya fitar a 1905. Kowace tsagewa tana ba da kimanin jul 3.2 × 10⁻¹¹, abin da ko tururuwa ba zai motsa ba. Sai dai kilo ɗaya na yuraniyom 235 yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 2.56 × 10²⁴. A ninka, an sami jul 8.2 × 10¹³, kwatankwacin abin da tan dubu uku na kwal zai bayar, kuma nauyin da ya ragu bai cika giram ɗaya ba. Mafi yawan wannan makamashi yana fitowa ne a matsayin gudun gutsattsarin biyu, waɗanda ke ture juna da ƙarfi domin cajinsu iri ɗaya ne. Suna karo da abin da ke kewaye da su, gudun ya zama zafi.

Ga tambayar da zan so in gani a takardar jarrabawa. Tsagewa nawa ake buƙata a sakan don tukunyar Zariya ta ba da wat 30,000? A raba 30,000 da 3.2 × 10⁻¹¹, kimanin 9.4 × 10¹⁴. In da za a bar ta tana aiki dare da rana, yuraniyom 235 da za ta ci a kwana guda kimanin giram 0.03 ne kawai.

Ɗalibai sukan tambaya ko dutsen Arlit zai iya fashewa. Ba zai iya ba. A cikin yuraniyom da ake haƙowa, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nau'in 235, saura kusan duk 238 ne wanda ba ya tsagewa cikin sauƙi. Yawancin tashoshin wuta suna buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, makami kuwa kusan kashi 90. A cikin tukunya ruwa yana rage gudun niyutron don su fi saurin kamuwa, sandunan kadmiyom ko boron kuma suna shanye rarar, ta yadda daga kowace tsagewa niyutron ɗaya tak zai haifar da wata. Hatsarin da ke wajen haƙa na daban ne: ƙura, iskar radon, da tarin dusar ma'adinin da aka bari a fili shekara da shekaru. Yaron Arlit yana da haƙƙin ya san bambancin waɗannan biyun.

Abin da za a iya yi a aji

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce: manhaja tana da tsawo, aji ya cika, kuma mai gyaran jarrabawa lamba yake nema. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a bar lissafi ba, kowace tambaya da na kawo sai da muka lissafa ta. Abin da nake nema minti biyar ne a gaban lissafin. Kafin a rubuta wata ƙa'ida, ɗalibi ya zana abin, ya sa kibiya a kan kowane ƙarfi ko kowace kwarara. Ya faɗi da bakinsa, da Hausa in ita ta fi masa sauƙi, inda makamashin ya fito da inda ya tafi. Sannan kowa ya rubuta hasashensa a takarda, ya yi gardama da na kusa da shi, kafin malam ya buɗe baki. Wanda ya sa hannu a kan cewa kwai mai wat 100 zai fi haske, sannan ya ga akasin haka da idonsa, ba zai manta ba.

A gwajin cikin zango kuma, inda babu mai ɗaure mana hannu, kowace tambayar lissafi ta zo da 'yar'uwarta marar lamba, kuma makinsu ya zama ɗaya. Kayan gwajin ba su fi ƙarfin aljihun makaranta ba: maganaɗisun tsohuwar sifika, wayar tagulla daga wajen mai naɗin koyil, batir biyu, ƙwayayen tocila, da kamfas. Da waɗannan za a maimaita gwajin Oersted da na kwai biyu a darasi ɗaya. Na Faraday yana buƙatar ƙarin ƙaramar mita ta masu gyaran rediyo, wadda ake samu a kowace kasuwar kayan lantarki.